Saƙon da Ya Ƙi Cewa Ban Sani Ba

Daga Goggo

'Yar Shiru, ɗiyata,

Aminci da rahamar Allah su same ki a inda kike. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki, da matar gidan da kike haya, wadda kika ce tana tara miki ruwa in famfo ya ɗauke. Ki gaishe min da ita da kyau. Mu nan alhamdu lillahi. Baffanki da sauƙi.

Kin san abin da ya sa nake rubutu da hannu in ɗauki hoto in turo, maimakon in kira. Baffanki shekara da shekaru yana kasa kunne ga ƙarar agogo, in na yi raɗa a kicin sai ya amsa min daga ɗaki. Kuma ni a waya magana guduwa take min, sai na kashe nake tuna abin da na kira in faɗa.

Godiya na rubuto in yi kan saƙon nan da kika haɗa mana. Ke ba ki ga yadda muke yi ba a da. Ranar wankin ƙoda Direba maƙwabcinmu zai tsaya a mararraba ya juyo ya ce dama ko hagu. Dama asibitin kusa ne, injinansu kaɗan ne, yau suna aiki gobe sun tsaya, wayarsu kuma ba mai ɗauka da safe. Hagu asibitin nesa ne, ba a rasa gurbi, amma hanyar tana karya Baffanki. In muka yi dama muka tarar babu, kafin mu juya mu kai na nesa sun rufe karɓar mutane. Ni ce mai zaɓa, kuma cikin duhu nake zaɓa. Yanzu ina idar da sallar asuba wayata za ta yi ƙara, in ga an rubuta akwai gurbi ko babu. Direba ya daina juyowa ma, hannuna kawai yake kallo a madubi.

Baffanki ya sa wa abin suna aljanin 'Yar Shiru. Ya gaya wa nas ɗin da ke sa masa allura cewa ɗiyarsa ce ta haɗa. Ta tambayi yadda kuke, ya fara da cewa kakar mahaifinki da kakar matarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, ta ce ya bari sai wani wankin.

Yana ɗan zama a shagonsa na gyaran agogo in jiki ya yarda. Har yanzu duk agogon da aka kawo a tsaye sai ya rataye shi fuskarsa na kallon bango, kamar yadda kika sani. Jiya wani ya tambaye shi ko horo yake musu.

Tambaya ɗaya gare ni, kada ki ga kamar ban yarda da ke ba. A makarantar allo an saba mana, in za ka ɗauki magana ka san daga bakin wa ta fito. Wa ke gaya wa abin nan labarin asibiti?

Allah Ya tsare min ke.
Goggonki

Daga 'Yar Shiru

Goggo,

Na amsa sallamarki da wadda ta fi ta. Ni lafiya lau, aiki da godiya. Ki ce wa Baffa aljanin yana gaishe shi, kuma ba ya cin komai sai wutar lantarki.

Ga yadda yake. Asibitin kusa suna da kwamfuta da ke riƙe da labarin injinansu, nas-nas ne ke sabunta shi, kuma sun bar ƙofa a intanet ga duk mai son tambaya. Ni na rubuta 'yar ƙaramar manhaja da ke farkawa kafin ki idar da salla, ta je ƙofar ta yi sallama, ta tambaya ko akwai gurbi yau. Wannan tambayar muke kira buƙata. Abin da kwamfutar asibitin ta mayar kuma shi ne amsa.

Ba ni na koya wa manhajar hanyar zuwa ƙofar ba. Akwai abin da muke kira laburare, ba na littattafai ba, tarin aiki ne da wasu suka riga suka rubuta suka bar wa kowa. Kamar ɗan aike ne wanda ya san gari. Ni dai in ba shi adireshi in faɗa masa abin da zai tambaya, ya je ya dawo ya miƙa min abin da aka ba shi. Layi kaɗan ne, Goggo, da kin gani sai ki ce ashe wannan ne ake biyana albashi a kai.

Kowace amsa tana zuwa da lamba a goshinta. In ɗari biyu ce, an ji tambaya an amsa daidai. In ɗari huɗu da wani abu ce, laifin mai tambaya ne, wataƙila ya yi ɓatan ƙofa. In ɗari biyar da wani abu ce, mutanen gidan ne ke cikin matsala. Wani lokaci kuma ba a amsawa sam, shi ya sa na yanka wa ɗan aiken iyakar jira, don in ba a gaya masa ba zai iya tsayawa a ƙofar har abada. In ya dawo ba amsa, sai ya ɗan huta ya sake komawa.

Saboda haka maganar daga bakin nas-nas take, ta bi ta kwamfutarsu, ta bi ta wurina, ta zo wayarki. Ki kwantar da hankalinki. Na shirya shi yadda ba za ki taɓa tashi da safe ki rasa saƙo ba.

Ina kewar shagon Baffa. Nan ofishinmu agogo ɗaya ne, shi ma ba ya ƙara.

Ɗiyarki

Daga Goggo

Ɗiyata,

Aminci ya tabbata gare ki. Ina fatan kina lafiya. Daga asibitin nesa nake rubuto miki, a kan benci, takardar a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun. Baffanki da sauƙi.

Na yi ta juya ko in gaya miki ko in bari, sai na ga in na bari wani zai gaya miki, kuma ba yadda ya faru zai faɗa ba.

Ranar wankin da ya wuce saƙo ya zo kamar kullum, akwai gurbi. Muka yi dama. Muna shiga na ga barandar ɓangaren ƙoda fayau, ba kowa a kujerun. Wata mai shara ta ce wayar wuta ce ta ƙone a ginin tun jiya da yamma, injina sun tsaya, har ofishin kwamfuta duhu. Muka juya. Direba ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, amma mun tarar na nesa sun rufe karɓa. Suka ce mu dawo jibi.

Kin san jikin Baffanki ba ya jiran jibi. Washegari ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya ƙi shiga, numfashi kuma sai a zaune, da matashi uku a bayansa. Muka dawo da shi aka kwantar da shi. An yi masa wanki, ruwan ya sauka, yanzu yana cin abinci, har ya karɓi agogon likita ya kara a kunne ya ce yana latti.

Abin da ya ɗaure min kai, washegarin ma saƙon ya zo, akwai gurbi, alhali da idona na ga wurin a rufe. Na nuna wa Baffanki. Ya duba, sannan ya ce aljanin ma ɗan adam ne ashe.

Ba wanda ya ga laifinki, wallahi. Abin da Allah Ya rubuta ne. Na dai daina duba saƙon tukuna. Kada ki wahalar da kanki da shi yanzu, ki ji da aikinki.

Goggonki

Daga Goggo

'Yar Shiru,

Sallama da addu'a. Wannan ta biyu ce ban ga amsar ta farko ba. Na kira, har a gaban Baffanki na kira, wayar ta yi ta ƙara. Na ga alamar kin buɗe hoton takardata, da wannan nake lallashin kaina cewa kina raye kina lafiya.

An sallame mu, muna gida. Tun washegarin da na rubuta miki saƙon asuba ya daina zuwa. Na ɗauka wayata ce, na kai wa mai gyara, ya ce ƙalau take. Sai na gane ke kika tsayar da shi.

Na sake karanta abin da na rubuta miki, don ina ajiye takardun. Na ga na ce na daina dubawa, na ce ki ji da aikinki. A kan benci na rubuta, kaina ba a wurin yake ba. In ya zo miki kamar na kore ki ne, ki yafe min. Nufina kada ki hana kanki barci.

Ga halin da muke ciki. Likita ya ce kada a sake tsallake wanki ko ɗaya, zuciyarsa ba za ta ɗauki irin wancan kumburin sau biyu ba. Saboda tsoro na koma yin hagu kullum. Amma hanyar tana cin sa, ɗiyata. Yana dawowa ya kwanta, sai ana gobe wani wankin yake iya tashi zaune. Shagon a rufe. Ya daina zolayar nas-nas, wannan ya fi komai tayar min da hankali. An ce na kusa sun gyara wutarsu, amma ba ni da zuciyar da zan ce wa Direba dama alhali ban san abin da zan tarar ba.

Ba na ce ki kunna ba in ba ki so. Ki dai yi min magana. Tun kina ƙarama a gidan nan, in kin fasa kofi sai ki shige bayan ƙofa ki yi tsit, mu yi ta nema. Kofin ba ya damuna, neman ne.

Goggonki

Daga 'Yar Shiru

Goggo,

Na amsa sallama. Ki gafarce ni. Ba fushi na yi ba, da wane ido zan yi fushi? Na buɗe takardarki a ofis, na kai wurin silifas, na tashi na shiga banɗaki na kulle. Da na fito na tsayar da manhajar, sannan na duba abin da ta rubuta wa kanta ranar.

Laburaren bai yi ƙarya ba, kwamfutar asibitin ma ba ta yi ba. Ɗan aiken ya je, aka mayar masa da ɗari biyar da uku, wato mutanen gida ba sa iya amsawa yanzu. Ya sake komawa, aka sake ba shi haka. Ya kawo min gaskiya a hannu. Ni ce na ɓoye ta.

Lokacin da nake rubuta manhajar na zo wurin da ake faɗa mata abin da za ta yi in aike bai yi nasara ba. A wurin aiki mukan sa ta fito da kuskuren ƙarara, don mai gyara ya gani. Sai na hango ki a kan darduma, ga Baffa yana jira, wayarki ta kawo miki maganar matsala, ko ta yi shiru. Na ce Goggo ta sha isasshen tashin hankali. Sai na rubuta cewa kowace irin matsala aka samu, ta ɗauko amsa ta ƙarshe mai kyau da ta ajiye ta turo miki. Na ce ai ɗaukewar intanet ce ta ɗan lokaci, labarin jiya ba zai yi nisa da na yau ba. Ban yi tunanin abin da ya kashe kwamfutarsu zai iya zama shi ya kashe injinan ba. Har alfahari na yi miki cewa ba za ki taɓa rasa saƙo ba.

Da kika ce in ji da aikina, na ɗauka irin maganarki ce mai laushi, ta cewa in cire hannuna daga lafiyar Baffa. Na ga daidai ne. Shi ya sa na shige bayan ƙofa.

Na gyara, amma ban kunna ba. Yanzu sai ta duba lambar goshin amsa kafin ta karanta cikinta. Tana duba lokacin da nas-nas suka sabunta labarin, in ba na yau ba ne ba ta yarda da shi. Tsohuwar amsa kuma na hana ta ajiyewa gaba ɗaya. Na gwada ta da ƙofar ƙarya da na gina a kwamfutata, na sa ƙofar ta yi shiru, ta ba da ɗari biyar, ta ba da labarin jiya, duk ta kama.

Sai dai ki sani, wasu ranakun saƙon zai zo ba abin da kike so ba. Zai ce bai samu amsa ba, ya bar ki da zaɓi a mararraba kamar da. Ban san ko wannan taimako ba ne. In kin ce in bari, zan bari.

Ni lafiya lau, aiki da godiya.

Ɗiyarki

Daga Goggo

Ɗiyata,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Na yi sujada kafin in gama karantawa.

Na karanta wa Baffanki duka, ban tsallake komai ba. Da na kai inda kika ce kin hango ni a kan darduma, ya juya fuska wajen taga, ya ce ƙura ce ta shige masa ido. Ɗakin a share yake. Daga baya ya ce in rubuta miki wannan da bakinsa:

"Ki gaya mata, agogon da nake juyawa bango ba laifi ya yi ba. Tsayawa ya yi. In ya tashi ina juyo shi. Ita ma ta juyo haka nan."

Ki kunna, ɗiyata. Kin ce zai bar ni da zaɓi kamar da, amma ba kamar da ba ne. In ya ce akwai, zan yi dama da zuciya ɗaya. In ya ce babu, ko ya ce bai sani ba, zan yi hagu, ba sai na yi dogon tunani ba. Malaminmu na allo, Allah Ya jiƙansa, in aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, sai ya rufe littafi ya ce sai ya duba. Ba mu taɓa raina shi a kan haka ba, a kan haka ma muka yarda da sauran maganarsa.

Roƙo ɗaya. Kada ki rubuta min lambobin nan a saƙon. Ki sa ya ce: Goggo, ban sani ba.

Goggonki

Daga Goggo

'Yar Shiru,

Aminci gare ki, da fatan takardar nan ta same ki kin ci abinci.

Saƙo ya dawo, kuma tun dawowarsa dama muke ta yi. Baffanki ya buɗe shago. Ya koma zolayar nas ɗin nan, ya kai ta har kan kakar mahaifinki, saura kaɗan ta gane yadda kuke.

Yau da asuba wayar ta yi ƙara, na duba na ga: Goggo, ban sani ba. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗan zauna a kan darduma har ya lafa. A mararraba na nuna wa Direba hagu. An karɓe mu, an yi wanki, mun dawo.

A hanyar dawowa Direba ya haɗu da wani abokinsa a gidan mai, ya ce masa na kusa suna aiki lafiya lau yau, intanet ɗinsu ne kawai ya ɗauke. Direba ya shigo mota yana ƙunƙuni, wai aljanin ya sa mun sha hanya a banza. Baffanki yana kwance a baya, ido a rufe, na ɗauka barci yake. Sai ya ce a banza ina, ai ga shi an wanke shi tas kamar rigar ango, Direba ne ma ya kamata a kai a wanke. Na gaji, bayana yana ciwo, amma ban ji haushin saƙon ba ko kaɗan. Kada ki taɓa masa komai.

Saura magana ɗaya, ita ma na daɗe ina juya ta. Ina ajiye takardunki kamar yadda nake ajiye nawa. Tun da kika tafi, kowacce tana cewa lafiya lau, aiki da godiya. Har wadda kika rubuta bayan kin kulle kanki a banɗaki haka ta ce. Ban ga laifinki ba, don na duba nawa na tarar ni ma kusan kowacce tana cewa Baffanki da sauƙi, har wadda na rubuta a kan bencin asibiti. A gidan nan kika koya.

To bari in fara. Baffanki yau ya gaji ƙwarai, bai iya cin abincin rana ba sai ɗan shayi. Ƙafafunsa ba su kumbura ba. Likita ya ce zuciyar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Ni kuma ina jin tsoro wasu ranakun, yau dai kaɗan ne.

Ke fa? Na yau nake so, ba na jiya ba. In kuma ba ki sani ba, ki rubuta min haka, zan karɓa.

Goggonki